Taken Ɗan Asabe

Talata Mafara,
Laraba, 17 ga Yuli.

Zuwa ga matata abar ƙaunata, Hamdiyya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da abin da kike ɗauke da shi. Yaya nauyin jiki? Ƙafar ta daina kumbura? Yaya surukaina, Baba da Inna, yaya damina a wajenku? Idan kin tambaye ni, lafiyata lau, sai dai gidan ya yi mini girma tun da aka tafi da ke goyon ciki.

Tunda sabis ya ƙi zama a Faru, na yi magana da Mu'awiya direba. Duk ranar da ya yi lodin wajenku zai kai miki takarda ya karɓo amsa. Ba na son saƙon baki, ana ƙara masa gishiri a hanya.

Albishirinki. Waƙar nan da kika bar ni ina fama da ita, ta Alhaji Auwalu na Bakura mai gonakin shinkafa, ta fita, kuma ta karɓu fiye da yadda na zata. Jiya na ratsa kasuwa tun daga 'yan tumatir har kara wajen 'yan shanu, duk inda na juya muryata nake ji. Masu tura waƙa a waya sun ce ita kowa ke tambaya. Har mahautan layinmu, waɗanda suka ce na gudu daga wuƙa na koma raye-raye, na same su suna saran nama a kan kiɗanta. Na gaishe su na wuce.

Wani gidan rediyo ya kira ni hira. Mai gabatarwa ya tambaye ni wa ya koya mini waƙa, na gaya masa gaskiya: ban gada ba, ban yi wa kowa amshi ba, ban taɓa ɗaukar wa wani makaɗi jaka ba. Da fincen nama na tara na sayi fiyanona na farko. Abin da ya fi burge shi wurin nan ne da kiɗan ke tafiya sai ya ɗauke ɗif, sannan ya faɗo da ƙarfi. Ya ce bai taɓa jin irinsa a waƙar zamani ba. Na ce masa daga kaina ya fito.

Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai. Na ba Mu'awiya goro da sukari da ganyen shayi ya kai wa Baba, ya dawo mini da su yadda na ɗaure su. Wai Baba ya ce a mayar wa mai su. Na tambaye shi ko an faɗi dalili, sai ya tsuguna yana duba tayar mota. Kin san Baba bai taɓa mayar mini da ko allura ba. Ko jikin ne? Yana shan maganin hawan jinin nan kuwa? Tun faɗuwar da ya yi a gona bara hankalina bai kwanta da shi ba. Ko wani abu na yi ban sani ba? Na binciki kaina ban samu ba. Don Allah ki dubo mini, kada kunya ta sa ki ɓoye mini komai.

Ki gaishe mini da Inna da kyau. Ki rage yawan sunkuyo. Allah Ya sauke ki lafiya.

Naki har kullum,
Fa'izu.


Talata Mafara,
Litinin, 22 ga Yuli.

Hamdiyya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki da ta mutanen gida, da fatan kowa ya tashi lafiya. Takardarki ta zo, amma ban ga komai a cikinta ba sai lafiya lau, lafiya lau. Na san rubutunki idan kina cikin walwala, wannan ba shi ba ne.

Na tare Mu'awiya a tasha na ce ba zai ɗora ko fasinja ɗaya ba sai ya faɗa mini. Ya faɗa. Ya ce wani ya kunna waƙata a dandalinku bayan la'asar, dattawa na zaune, sai hira ta mutu. Wani tsoho ya ce wannan ai taken Ɗan Asabe ne. Ki yafe mini rubuta sunan Baba, haka aka faɗa. Wai kiɗan da na ɗora waƙar a kai shi ne wanda ake kaɗa masa da gangar noma a gayya tun yana saurayi, wanda in ya ji yake tsuma ya shiga kunyar gona babu mai kama shi. Wai a wajenku ba a kiran sunan wani a kan taken mutum sai in mai shi ya mutu, ko an kayar da shi a fili ya sallama. Ni kuma na kira sunan Alhaji Auwalu a kai, mutumin da tarakta ke yi wa noma.

Abin da ya hana ni cin abinci shi ne wanga: Mu'awiya ya ce wani abokin Baba na ƙuruciya ya ji waƙar a Garbadu, ya hau babur ya taho Faru ta'aziyya. Ya yi sallama, Baba da kansa ya fito ya amsa. Hamdiyya, gaskiya ne wannan? Kina cikin gidan aka yi?

To ni dai ki saurare ni, ke ce kika san ni. Ban saci kiɗan kowa ba. Na san duk inda kunnena ya yi kiwo. Na tashi da kalangu, domin duk ranar da aka kayar da babban sa a mahauta sai an zaga gari da shi, mu muna biye. Shi ya sa har gobe in na rubuta baiti sai na ji ko kalangu zai iya faɗarsa, in ba zai iya ba na yaga. Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, tana waƙa a kan dutsen niƙa, irin wadda ake jan murya ƙasa-ƙasa kamar ba a son maƙwabta su ji. Duk waƙar da na yi ta bege ko ta rabuwa, muryarta ce nake nema ban kai ba. Awon baiti kuwa a Islamiyya na same shi, wurin wani malami da ke buga bulala a benci muna rera ƙasida, in ka ƙara gaɓa ɗaya bulalar ta bar benci ta dawo kanka. Akwai kaset-kaset na makaɗan fada da mahaifina ke sawa a rumfa, a nan na ga yadda 'yan amshi ke cafe kalmar ƙarshe kafin ta faɗi ƙasa. Ba zan ɓoye ba, na yi zaman gidan kallo, finafinan Indiya sun shiga muryata, kowa na iya ji. Har sarewar Fulanin da ke kawo shanu kara, na taɓa bin wani tun daga kasuwa har bayan gari don kawai ya sake busa wani wuri.

Waɗannan in aka ce na ɗiba daga gare su ba zan yi gardama ba. Ban lissafa su a rediyo ba domin ba haka aka tambaye ni ba, cewa aka yi wa ya koya mini, kuma babu wanda ya zaunar da ni. Amma gangar noma? Ni ɗan mahauta ne, ɗan cikin gari. Ban taɓa zuwa gayya ba. Kafin in aure ki Baba ya daina fita. A ina zan ji takensa? Kiɗa na iya kama da kiɗa, yatsu goma ne gare mu duka.

Ki samu lokacin da ya huce ki gaya masa haka, ko ki sa Inna ta gaya masa. Mu'awiya ya ce har ana cewa ba za ki dawo ɗakina ba bayan arba'in. Wannan maganar daga bakin Baba ta fito, ko ta 'yan dandali ce? Ki ba ni amsa a fili. Ina jin kamar in taho, amma in ya ƙi amsa sallamata a gaban mutane ban san yadda za a gyara ba.

Ina gaida Inna. Ki ci abinci don Allah.

Mijinki,
Fa'izu.


Bakura,
Asabar, 27 ga Yuli.

Zuwa ga Hamdiyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da fatan kin wuni lafiya, da fatan jikin da sauƙi, Baba da Inna suna lafiya. Daga tashar Bakura nake rubuto miki, a kan bencin mai shayi, ki yi haƙuri da rubutun.

Na karanta amsarki. Kin ce in je in dubi turminki.

Na je. Yana nan a kife inda kika bar shi. Na tayar da shi na ɗauki taɓarya, na buga yadda kike bugawa in kina surfe da safe ina ɗaki ina neman kiɗa a fiyano. Bugu, bugu, sai ki jefa taɓarya sama ki tafa, ta dawo. Wurin ɗaukewar nan da na yi taƙama da shi, lokacin da taɓaryarki ke sama ne. Na daɗe tsaye a tsakar gida. Kin ce tun kina ƙarama kuke daka da taken Baba ke da 'yan uwanki, hannunki ya saba, ba ki ma san kina yi ba. To ni ma ban san ina ji ba. Na san dai duk safiyar da kika yi daka kiɗa yakan zo mini da sauƙi, na ɗauka bacci ne ya ishe ni.

Ban ga laifinki ba, kada ki sake rubuta cewa ke kika jawo. Kuma har yanzu ina cewa ban yi sata ba. Amma kiɗan na Baba ne, wannan na yarda.

Shi ya kawo ni Bakura. Na sami Alhaji Auwalu a bakin gonarsa na yi masa bayani. Mutumin kirki ne, bai yi fushi ba, dariya ma ya yi. Ya ce shi zai daina sa ta a motarsa in hakan zai yi amfani, amma in dubi can. Na duba, masu ba da ruwa da masu feshi kowa da waya a aljihu, waƙar na tashi ta ko'ina. Ya ce wa zai bi ya ƙwace? Sai ya ce bari ya aika wa Baba buhun taki a ba shi haƙuri. Na roƙe shi don girman Allah kada ya yi, sai a ce an saya. Da ƙyar ya fahimta.

Na yi tunanin in sake shiga sutudiyo in yi wa Baba tasa waƙar a kan kiɗan, wadda za ta danne waccan. Na ma fara rubutawa. Sai na kai ƙarshen takardarki na ga abin da ya ce, cewa take ba da baki aka same shi ba, ba da baki ake maido shi ba.

Hamdiyya, maganar gayyar nan da gaske yake? Kin ce ranar Asabar mai zuwa za a yi gayyar huɗa a gonar mai gari, kuma Baba ya aika wa Hamidu makaɗinsa na Garbadu ya zo da ganga, zai fita ya nuna wa duniya mai taken na nan da rai. Kin ce ya sa an sake wa galmarsa ƙota. Mutumin da likita ya ce ko guga kada ya ja. Ni na ɗauke shi bara zuwa asibiti, kansa a cinyata, na ga yadda leɓensa ya koma. In ya sunkuya cikin ranar nan tare da samari, ana kiɗa ana zuga shi, kin san ba zai tsaya ba. Ba zai tsaya ba sai ya faɗi. Kuma duk ƙasar nan za a ce waƙar Fa'izu ce ta kashe surukinsa, kuma ba za a yi ƙarya ba. Da wane ido zan dube ki? Yaron da za ki haifa me za a gaya masa?

Inna ta yi magana? Limaminku fa? A samu wanda yake jin nauyinsa. Ni gobe in Allah Ya kai mu zan nufi Garbadu wurin Hamidu. In babu ganga babu fita.

Ki kwantar da hankalinki saboda cikin, ko da yake na san faɗa kawai nake yi. Ina gaida kowa.

Naki,
Fa'izu.


Talata Mafara,
Alhamis, 1 ga Agusta.

Hamdiyyata,

Assalamu alaikum. Ina miki fatan alheri, da fatan kina samun bacci, Inna na lafiya, Baba na shan magani. Ni dai ga ni nan.

Na je Garbadu. Na sami Hamidu a zaurensa yana ɗaure fatar ganga, tsoho ne amma idonsa garau. Ban gama gaisuwa ba ya ce, a'a, mai fiyano ne, ɗan mahauta mi yak kai ka ga kiɗan manoma, naman ya ƙare? Na haɗiye zolayar. Na ce masa roƙo na zo yi, kada ya je Faru, ya ce ba shi da lafiya ko gangar ta fashe. Ya ce shekara nawa yana bin bayan Baba cikin kunya, gero da dawar da suka ci a gidan nan rabinsu daga hannunsa suka fito, yau ya kira shi ya ƙi? Ya ce ko a kan gadon mutuwa mai take ya kira, makaɗi zuwa yake. Kuma in shi bai je ba Baba zai fita ko da gwangwani ake buga masa, gara a yi da mai sanin inda zai sassauta.

Na ce to shi ke nan sai mu zuba ido ya mutu? Ya ci gaba da jan tsirkiyar gangar. Can ya ce abu guda ne. In aka kaɗa take, ba dole mai shi ya amsa da jikinsa ba, in akwai namiji a gidansa da zai ɗauki galmar ya shiga a madadinsa, an amsa ke nan, take ya zauna a gidan. Ya ce amma Allah bai bar wa Ɗan Asabe ɗa namiji ba, ɗiya mata gare shi. Na ce suruki fa? Ya ɗago ya dubi hannuwana, ya yi dariya har da tari. Ya ce suruki ɗa ne in an ba shi galmar, amma shi bai ga mai ba ni ba, bai kuma ga mai ɗauka ba.

Tun ranar Litinin nake gonar Mu'awiya ta bakin kanal da safe. Ya ara mini galma ya nuna mini riƙo. Ba zan yi miki ƙarya ba, abin ya fi ƙarfina. Tafina duk ya yi ƙurji ya fashe, in na miƙe sai na dafa gwiwa. Na ɗauki cinyar sa a kafaɗa ina yaro, na ɗauka ina da ƙarfi, ashe wancan daban.

Jiya wani abu ya faru da nake son ki sani. Na sa waƙar a waya na jefa aljihu, na ce bari in gwada bin ta. Sai na ga kiɗan yana tafiya daidai da aikin. Sara, ja, kifa ƙasa. Wurin ɗaukewar nan kuwa, daidai inda mutum ke ɗaga galma ya ja numfashi ya matsa ƙafa. Wanda ya fara kaɗa shi ya bar wa manomi wurin shan iska ne. Ni na mayar da shi ado, na cika gefensa da ƙararrawa. In ka bi shi yadda yake, gajiyar tana raguwa. Ban taɓa sanin kiɗa na ɗaukar wa mutum kaya ba sai jiya, ni da nake cewa waƙa sana'ata ce.

Zan zo ranar Asabar. Kada ki gaya wa Baba, in ya sani zai hana tun a gida. Kada kuma Inna ta ɓoye galmar kamar yadda kika ce tana shawara, zai ari ta wani, kuma ni tasa nake buƙata.

Ina tsoro, Hamdiyya. Ina tsoron ya ƙi sakar mini. Ina tsoron in faɗi a tsakiyar kunya shi kuma ya ce bari ya ƙarasa. Na san samarin nan da wayoyinsu, kafin magariba duk Mafara an ga Fa'izu mai waƙa yana birgima a gona, waɗanda suka daɗe suna jira za su samu abin dariya. Wannan bai kai sauran ba, amma yana raina, ba zan ce babu ba.

Ki yi mini addu'a. Ki tabbata ya sha maganin da safe ko da faɗa ne.

Mijinki mai ƙaunarki,
Fa'izu.


Maradun,
Lahadi, 4 ga Agusta.

Zuwa ga Hamdiyya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa ta musamman, ina tambayar jikinki da kwanan Baba. Ki yi haƙuri da wannan rubutu kamar tafiyar kaza, an naɗe mini hannu biyu a kemis, da 'yan yatsu uku nake riƙe biro. Ki yi haƙuri kuma ban shigo na gan ki ba. Mu'awiya ya ce dole mu bar hanyar nan kafin la'asar, kin san halin rashin tsaron da ake ciki, kuma yadda na koma ban so ki gan ni ba. A gidan ƙanen Mu'awiya na kwana, nan Maradun. Na san an kawo muku labari iri-iri, ga nawa.

Da muka iso an riga an jeru. Baba na zaune gindin ƙirya, ya ɗaure ƙugu da rawani, galma a gabansa. Na durƙusa na gaishe shi, ya dubi wani wuri. Na koma gefe na tsaya. Samari suka fara tsokana, ga mai fiyano, an zo ɗaukar sabon kiɗa ne, a ɓoye ganga.

Hamidu ya yi wa wasu nasu taken, sannan ya juyo ya saki na Baba. Hamdiyya, ban san kiɗan nan ba sai jiya. Abin da na sa a waƙata inuwarsa ce. Gangar magana take yi, kowa na ji: Ɗan Asabe, rana ta sunkuya, kai ba ka miƙe ba. Na ga jikin Baba ya ɗauki rawa tun daga kafaɗa. Ya miƙe kamar ba shi ne ke dafa bango ba, ya kai hannu ga galma. Ban san lokacin da na isa ba. Na kama ƙotar, shi ma yana riƙe. Ni da ko abinci ban taɓa ci a gabansa ba. Ban iya cewa komai ba sai Baba, ni ne ɗanka a nan. Ya ja, na riƙe. Yana huci, ina jin zafin numfashinsa a goshina. Hamidu bai daina ba, kuma bai ƙara wuta ba, ya tsaya wuri ɗaya yana juya kiɗan. Ban san iya daɗewar da muka yi ba. Sai na ji ƙotar ta yi nauyi a hannuna. Ya saki.

Na ɗauki galmar na shiga kunya. Ba zan ƙawata miki ba, kafin in kai rabi samarin sun kai ƙarshe sun juyo. Huɗata ta karkace kamar hanyar maciji, na sare dawa ba ɗaya ba, wandona ya tsage. Ana ta dariya. Na faɗi a kan gwiwa, idona ya yi duhu, na ce shi ke nan, yanzu zai karɓa.

Sai na ji sanda a bayana. Baba ne, ya biyo ni cikin kunya. Bai taɓa galmar ba. Cewa yake tashi, ɗan mahauta, ba wuya kake yanka ba, sassauta hannun gaba. Buɗe ƙafa. Wa ya ce ka dubi mutane, dubi ƙasa. Jira ganga, kada ka riga ta. Haka ya bi ni taki ɗaya bayan ɗaya yana zagina, Hamidu na gefenmu, har muka fita. Mu ne na ƙarshe, wasu har sun fara shan fura. Amma da na kifa ƙasar ƙarshe mai gari ya ce an amsa, dattawa suka ce an amsa. Dariyar ma ta canza, na ji ta.

Baba ya koma gindin itace ya zauna. Numfashinsa bai yi mini daɗi ba, na ga yana shafa ƙirji. Don Allah ki sa ido, in ya ce kansa na sarawa kada ku jira, ku nemi mota. Ki rubuto mini yadda ya kwana.

Da za mu tafi na je sallama. Ya amsa. Ya ce in gaya wa direba ya riƙa tafiya a hankali da takardun ɗiyarsa, kuma bayan arba'in in zo da mota mai kyau, ba wannan akwalar ba. Na ji kamar in kwanta a wurin.

Amma akwai abin da Hamidu bai gaya mini ba a Garbadu, sai a bakin mota yana dariya. Wanda ya amsa take, shi ake nema daga ranar. Duk inda aka yi gayya aka gayyaci gidanku, ni za a kaɗa wa, in ban fita ba Baba zai fita. Na juya na dubi Baba ko zai ce wasa ne. Ya ce shi ba zai yarda a riƙa jan takensa a ƙasa kamar yadda na yi ba, in dawo ranar Laraba ya gyara mini riƙo a gonar bayan gida. Na ce Baba hannuna. Ya ce in sa gishiri.

Ranar Asabar akwai gayya a Dakko. Na aika wa masu bikin da zan yi wa wasa a Mafara su nemi wani.

Ki gaida Inna, ki ce na gode da furar. Ki tanadar mini man kaɗanya. Allah Ya sauke ki lafiya, Ya bar mana Baba.

Naki, mijinki,
Fa'izu.